Miliyan 30 da Auta ke nema

Sai da aka gama zubi, Hajiya ta ɗaure kuɗin adashi da roba ta cusa a jaka, sannan Auta ta tashi ta tura ƙofar falo. Ta kori yara, ta dawo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Anti, ta ce, "Yayyena, bashi na zo nema. Don Allah maganar ta tsaya a ɗakin nan, dangin maigidana ba su sani ba." Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, shi ya sa ba za ku ji sunan kowa ba. Yadda muke kiran juna haka zan kira mu.

Mu shida ne, kuma mun daɗe tare. Hajiya ce uwar adashi, tana sayar da atamfa da leshi tun kafin gobarar kasuwar Taminus ta Jos. Anti ta yi ritaya daga aikin jinya. Akwai Malama mai koyarwa a Islamiyyar matan aure, akwai Barista, sai ni, sai Auta, wadda ta zama uwar 'ya'ya huɗu amma har yau ba mu canza mata suna ba.

Filin da ta gada wajen mahaifinta yana can bayan Unguwar Rogo, da ƙafa ake zuwa jami'a ta titin Bauchi. So take ta gina ɗakuna 10 na hayar ɗalibai, kowanne da banɗakinsa da ɗan kicin. Injiniya ya yi mata lissafin miliyan 45, tana da 15 a hannu. "In kowaccenku ta ranta mini abin da ya sawwaƙa, in haɗa da na 'yan uwa, shekara biyu in sha Allahu na sallami kowa."

Hajiya ta ajiye kofin shayi. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Amma shekara biyu da me? Nawa ake kama ɗaki a wajen?"

"Dubu 300 a shekara."

"Ɗaki goma, miliyan 3 ke nan. A ce babu ɗakin da ya kwana a rufe, babu famfon da ya lalace, ke kuma ba ki taɓa ko sisi ba, sai kin shekara 10 kafin ki biya mu miliyan 30. To ina shekara biyun ta fito, 'yar nan?"

Auta ta ce ai in lokacin biyan wata ya yi, sai ta karɓo a wani wuri ta toshe. Akwai wani mutum a kasuwa da ke bayarwa ba dogon zance.

"Kashi nawa?" in ji Anti.

"Goma."

"A wata, ko? Faɗi gaskiya." Anti ta gyara zama. Ta ce ta san irinsu tun tana aiki, ranar albashi a bakin ƙofa suke jira. Ta ce in ka karɓi miliyan 5 a hannun irin wannan mutum, dubu 500 ne duk wata, miliyan 6 a shekara, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta motsa ba. Wato ruwan kashi ɗaya cikin shida na abin da Auta ke nema ya ninka hayar gidan gaba ɗaya. Ta ce wata abokiyar aikinsu ta shiga irin wannan don ta yi rufi kafin damina. Rufin ya yiwu, amma mai bashin ne ya tare a gidan.

Barista ta ce banki ma ba mafita ba ce. Tun da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kusan kashi 30 suke ba ƙaramin mutum, in ma sun saurare shi. Kashi 30 na miliyan 30 miliyan 9 ne a shekara, haya uku ke nan. Lamunin asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 na albashi dominsa tun dokar 1992, shi ne mai sauƙi, kashi 6 ne kuma shekaru masu yawa. Amma na gidan da za ka zauna ne, ba na haya ba.

Shi ya sa kowa ke komawa kan dangi da ƙawaye, kuma a nan ne nake ganin muke yaudarar kanmu. Kuɗin da ke hannun irinmu duk na ɗan lokaci ne. Wannan na auren 'ya ne bayan Sallah, wancan na kujerar Makka ne, wancan jarin da za a saro kaya da shi a Kantin Kwari ne. Gini kuwa ba ya sauri. Mai ranta wa tana ƙirga watanni, gidan yana ƙirga shekaru, kuma ranar da lissafin biyun ya ci karo, zumunci ne ke biyan bambancin.

Malama ba ta ce komai ba sai yanzu. Ta ce ita abin da ke damunta daban ne. "Mun yarda babu mai karɓar ruwa a cikinmu, ko? To bari in tambaye ku. Wadda ta ranta miliyan 5 a 2022, lokacin buhun siminti bai kai dubu 5 ba, ta ba da kuɗin buhu sama da 1,000. A farkon 2024 buhu ya haura dubu 10. An mayar mata da miliyan 5 ɗinta cif, babu wanda ya ci mata kwabo, amma buhu 500 ta karɓa. Sauran 500 ɗin suna jikin bangon wata."

Hajiya ta ce wannan ita ce gaskiyar da ba a son faɗa. Ta ce ita da ke saro kaya ta ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa wajen 1,500 a shekarar da ta biyo baya, kuma duk wanda take bi bashi a lokacin ya yi mata sata ba tare da ya sani ba.

"Ba sata ba ce, Hajiya," in ji Malama. "Rance sadaka ne da amfanin kuɗi, kuma ladansa babba ne. Amma an yi shi ne don mai buƙata, wanda asibiti ya kama ko kuɗin makaranta. Auta ba ta cikin ƙunci, kasuwanci za ta yi. In gida ya yi daraja nata ne, in naira ta faɗi asarar taku ce. Ban ce haramun ba ne. Cewa na yi kowa ta san abin da take bayarwa."

Auta ta ɗan ɓata rai, ta ce to sai a yi jingina kamar yadda ake yi a unguwa. Wadda ta ba ta miliyan 6 ta riƙe ɗaki biyu tana cin hayarsu har ranar da aka biya ta. Malama ta girgiza kai. Ta ce ta san ana yi, a gona ma ana yi, amma malamai da yawa riba suke ganinsa, domin kuɗinki zai dawo cikakke kuma kin ci haya a kai. Bashi ne ya jawo amfani, an dai canza masa riga. Abin da ta ce babu ja a kansa shi ne a ranta abu a biya irinsa. Siminti buhu 200, a mayar da buhu 200. Gwal giram kaza, a mayar da giram kaza mai irin wannan kyau.

Da aka ambaci gwal sai ɗakin ya ɗauki dariya mai ɗaci, don babu wadda ba ta san labarin ba. Maigida ya kai gini linta, kuɗi sun yanke, ya zo da daddare da murya mai taushi. Ta kai sarƙa da awarwaro kasuwa. Bayan shekaru, in mai tsoron Allah ne, ya mayar mata da nairar da aka sayar, wadda yanzu ko ɗan kunne ba za ta saya ba. In kuma ba haka ba, a ɗakin da gwal ɗinta ya rufa ake saka amarya. Anti ta ce ita nata yana nan, kuma ko Auta ba za ta ga ƙyallinsa ba.

Barista ce ta juya zancen. Ta ce a daina kiran abin bashi, a yi tarayya. A yi wa filin kuɗi, a ce miliyan 15, a haɗa da ginin 45, ya zama 60. Wadda ta zuba miliyan 6 tana da kashi ɗaya cikin goma na gidan, haya da daraja da asara duka. Auta kuma, duk lokacin da ta samu hali, ta sayi kason wata a farashin ranar, ba farashin da aka shiga ba, har gidan ya dawo nata ita kaɗai. Ta ce irin wannan ne bankunan da ba sa ruwa, su Jaiz da TAJ da Lotus, ke kira musharaka mai raguwa. Ta tuna mana cewa ko gwamnatin jiha, da ta tashi sake gina kasuwar Taminus da ta ƙone a Fabrairun 2002, ba bashi ta nema ba. A 2022, zamanin Gwamna Simon Lalong, shirin shi ne Jaiz ya zuba sama da biliyan 9, a raba shaguna, kashi 60 nasa 40 na jiha, na tsawon shekara 40.

"Aka gina?" in ji Hajiya, alhali ta fi kowa sani.

"Ba a gina ba. Surutu ya yi yawa, magana ta kai kotu."

"To kin gani." Hajiya ba ta son a daɗe a kan zancen Taminus, shagonta na farko a can ya tafi. Ta koma kan lissafi. Miliyan 6 ta kawo dubu 300 a shekara, kashi 5 ke nan. Ta ce Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko, a 2017, ya ba da sama da kashi 16, halal, ba rigima da ɗan haya. Atamfarta kuwa sau nawa take juya jari a shekara? "Me zai kai ni?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ɗaya ce. Babu mai gina gidan haya a ƙasar nan don haya. Don daraja ake yi, don kuɗi su sami inda za su ɓuya daga faɗuwar naira. Amma daraja ba ta shiga aljihu sai ranar da aka sayar, kuma a Jos sayar da gida ba kamar ko'ina ba ne.

Duk mun san dalili. Tun rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabu. Musulmi suka tattaru a Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Ali Kazaure da titin Bauchi. Kiristoci suka koma Tudun Wada, Jenta, Kabong, Unguwar Rukuba. Wasu sun sayar a wulaƙance, wasu sun bar kango sun tafi. Anti musayar gida ta yi da wata abokiyar aikinta Kirista, kowacce ta koma inda za ta iya barci da ido biyu a rufe, kuma har yau suna kai wa juna abincin Sallah da na Kirsimeti. Ta ce nata ya fi girma, amma ba wanda ya tsaya awo a lokacin.

Wannan rabuwar ce ta sa filin Auta ya yi tsada. Jama'a sun yi yawa, wurin faɗaɗawa ya yi kaɗan, ɗan lungun da a da ba a kallonsa yanzu dillalai na rububinsa. Ita ce kuma ta sa masu sayensa rabin gari ne kawai. Wanda ke da kuɗi a Rayfield ba zai zo ya taya ba, ko nawa aka rage. Kuma a watan da gari ya ɗauki zafi, ko na wannan rabin ma kowa riƙe kuɗinsa yake. Wadda ta ci bashi mai wa'adi tana dogaro da cewa in ta ƙure za ta sayar, ta jingina ne da ranar da ba ita ke zaɓa ba. Mai kaso kuwa tana iya jira.

'Yan hayan ma haka. Ɗalibar da iyayenta ke tsoron unguwar ba za ta kama ɗaki a nan ba, kamar yadda namu ba sa kamawa a wasu wuraren. Ga yajin aiki. A 2020 malaman jami'a sun yi wajen wata tara, a 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A Agustan 2021, bayan kashe matafiya a titin Rukuba, an sa dokar hana fita, jami'a ta tsaya, jihohi suka aiko motoci suka kwashe 'ya'yansu. Anti ta ce ɗalibin da ya biya shekara ya zauna wata huɗu, ba zai sake biya da daɗin rai ba, kuma mai bin bashi bai san yajin aiki ba.

Barista ta tambayi Auta wace takarda ke gare ta. Ta ce takardar cinikin da babanta ya saya da ita, mai unguwa ya sa hannu, da ta rabon gado.

"Sun isa a ce naki ne a unguwa," in ji Barista. "Ba su isa a jingina ba." Ta yi mana bayani dalla-dalla. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma ko mai takardar mallaka ta C of O ba ya jinginarwa ko ya sayar cikakke sai da amincewarsa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina sukutum saboda rashin wannan amincewar, banki da lauyoyinsa suka tashi a tutar babu. To ina ga Anti in ta ba da rance ta riƙe takardar mai unguwa a ƙarƙashin katifa? Ta ce kafin kowa ta fitar da ko naira ɗaya, sai an je hukumar rajistar filaye ta PLAGIS an duba ko filin na wani ne a rajista ko yana cikin hanyar gwamnati, sannan a kai zane hukumar raya birni ta JMDB a sami izinin gini.

Ta kuma tambayi nisansa da rafi. Auta ta ce da ɗan tazara. Barista ta ce tazarar a auna ta, don a Yulin 2012, da ruwa ya ɓallo daga wajen madatsar Lamingo, Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ya bi, ya ci mutum fiye da 30. Anti kuma ta kawo zancen da ya sa muka yi tsit, makarantar Saint Academy ta Busa Buji da ta rufta a 12 ga Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, galibi yara. Ta ce ita ba ta san yadda aka gina waccan ba, amma ta san abin da mai gini da kuɗin mutane ke yi in wa'adi ya matso. Buhu ɗaya a buga masa bulo fiye da ƙima, rodi a rage masa kauri, a hau bene kafin kankare ya bushe. 'Ya'yan mutane ne za su kwana a ciki.

Auta ta ce akwai rukunin WhatsApp na tsofaffin 'yan makarantarsu, mutum ya fi ɗari, in ta saka talla ta ce duk mai zubawa zai riƙa samun kaza a wata, za ta tara kuɗin cikin sati. Barista ta kusa ƙwarewa da shayi. Ta ce tara kuɗin jama'a da talla da alkawarin riba aikin masu lasisi ne, Babban Banki da hukumar SEC ke da wannan hurumin, kuma bayan rugujewar tsarin zuba kuɗi na MMM a 2016 da na CBEX a 2025 hukuma ba ta wasa da shi. Mutum biyar da suka san juna suka san filin daban, mutum ɗari da suka ga hoto a waya daban.

Sai maganar rubutu. Malama ta ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka, rubuta shi da wa'adinsa da shaidunsa, amma mu sai mu ce ai kunya, ai 'yar uwa ce. Ta ce rubutun ba don mu shida ba ne, don magadanmu ne. In mai kaso ta rasu, 'ya'yanta ba su sha shayi da Auta ba, kuɗi za su nema a raba. In Auta ce ta riga mu, bashi ake fara fitarwa kafin gado, kuma abin da ba a rubuta ba sai rantsuwa a kotu. Barista ta ƙara da cewa kada wadda ta sa ran 'yan sanda za su karɓo mata, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ta ce ko dai a yi takardar tarayya mai kason kowa, ko a yi rajistar ƙaramin kamfani a hukumar CAC a sa filin da sunansa. A rubuta wa ke karɓar haya, wa ke gyara, wa ke yi wa gida kuɗi in wata za ta fita, kuma wa za a fara yi wa tayi.

"Sunan wa za a sa a zanen?" in ji Hajiya, tana kallon Auta ta ƙasan ido.

Auta ta ce maigidanta ya ce a sa nasa, don shi zai riƙa zirga-zirgar ofis.

"Allah ya saka masa da alheri. Ya yi zirga-zirgar, ya sa hannu a layin shaidu. Filin ubanki ne."

Ba ta sami miliyan 30 ba. Anti ta ce za ta zuba 6 daga kuɗin sallamarta, kaso ba rance ba. Ni na ce 3. Malama ta ce ba ta da abin zubawa, amma za ta kawo mijinta da ƙaninta su yi shaida. Barista za ta sake lissafin kason kowa bisa abin da ya shiga hannu, ta rubuta takarda, kuma ta faɗa a gaban kowa cewa kuɗin bincike da na rajista Auta ce za ta biya. An yarda a fara da katanga da rijiya da ɗakuna huɗu a ƙasa, a zuba harsashin da zai ɗauki bene, a ga yadda shekarar farko za ta kasance. Auta ta ce wannan ba shi ne gidan da ta zana a ranta ba, kuma ba ta so ta wayi gari da abokan tarayya a filin babanta. Anti ta ce to ta yi sauri ta saye mu.

Hajiya ta ƙi kaso, ta ce kashi 5 ba zai raba ta da atamfa ba. Amma ta ce za ta sa a kai buhu 200 na siminti ranar da izinin gini ya fito, rance, wa'adin shekara biyu.

"In ya kai dubu 20 fa, Hajiya?"

"In ya sauko dubu 7 za ki ƙara mini? Buhu na ba ki, buhu za ki kawo, irin kamfanin da na saya. Barista, rubuta har da kuɗin dako."